Injiniya Kore da Jujin Bakin Kwalbati

Duk wanda bai san Injiniya Lawal Anas ba, to bai san ci gaba ba, kuma laifin nasa ne. Daga Kalgo har Gwandu babu wanda ya yi wa tsabta hidima irin tasa. Shi da kansa ya sha faɗin haka, kuma mutum ne da ba ya son ƙarya ko kaɗan, musamman a bakin wasu. Shi ne ya kawar da juji arba'in da ɗaya cikin wata huɗu, ƙura ba ta taɓa bakin wandonsa ba. Kakanninmu da kwando da shebur suka yi ta fama da shara, har suka koma ga Allah ba su ga ƙarshenta ba. Shi kuwa da ɗan yatsa ɗaya ya gama da ita.

Kada wani mai baƙin ciki ya tambayi makarantar da ya karanta injiniyancin. An dai tura shi kwas na kwana uku a wani otal a Abuja. Ya tafi yana Malam Lawal mai buga hatimi, ya dawo yana Injiniya, da jaka mai tambari da farar hular kwano. Hular ba ta hawa kansa sai za a ɗauki hoto. Sauran lokaci tana zaune a gilashin bayan mota, inda duk wanda aka wuce zai gane cewa ilimi ne ya gifta.

Wata ƙungiya ce mai zaman kanta, cikin masu zuwa da fararen motoci, ta kawo wani shiri da ta raɗa wa suna Gari Tsaf. Ta kama ofis a Kalgo, ta ajiye tifa ɗaya, da ƙaramar mota, da kwamfuta mai faffaɗan allo, sannan da manhajar da Injiniya ke kira fotal, yana jan kalmar kamar sunan surukinsa. Aikin kuwa ba wuya. Ka ga an tara shara inda bai kamata ba, sai ka ɗauki hoto da wayarka ka tura. Nan take jan ɗigo zai fito a taswira. In ofis ya tura tifa, ɗigon ya koma ruwan ɗorawa. In an kwashe, jami'i ya tsaya a daidai wurin ya ɗauki hoto, ya loda, ya danna maɓalli, ɗigon ya zama kore. Wallahi abu ne mai kyau. Wanda ya ƙirƙiro shi ya yi tunanin komai, abu ɗaya kawai ya rage masa: bai taɓa gamuwa da Lawal Anas ba.

A yi wa mutum adalci, makon farko da gaske aka yi. Elisha direban tifa ya ɗebo lebura shida, aka faɗa wa wani juji da ke bayan kasuwar Kalgo. Kwana huɗu ana abu ɗaya. Injiniya na tsaye cikin rana da shaddarsa, ƙudaje na kai masa gaisuwa, wari na shiga inda turarensa ya kasa tsarewa. Da aka gama ya duba taswira, sai ya ga duk wannan wahalar ɗigo ɗaya tak ta haifar, ga jajaye sun cika allo. A rana ta biyar Allah ya yi masa buɗi, ya gano abin da masana na Abuja ba su gano ba: fotal ba ta da hanci. Abu biyu kawai take tambaya, kana wurin, kuma ga hoto.

Daga ranar aiki ya sauƙaƙa. Sai ya isa wurin da aka kai ƙara, ya fito da tsintsiya daga but ɗin mota, ya ba duk wanda ke kusa ya share masa wuri kamar faɗin tabarma. Ya ɗauko tukunyar fulawar roba da ke kan teburinsa, ya dasa a tsakiya. Ya juya wa jujin baya, ya ɗauki hoto, ya danna. Kafin mai shara ya miƙe daga sunkuyo, unguwa ta zama kore. Wata ranar Talata, da bakinsa ya faɗa, juji bakwai ya kawar tsakanin hantsi da azahar, har ya samu ya tsaya cin tsire. Tukunyar nan ɗaya ita ce ta fito a hoto arba'in, fulawarta ja, ganye ɗaya a karye. Mutanen Abuja har wasiƙa suka rubuto suna yaba yadda jama'ar Kebbi suka rungumi dashen furanni.

Tifa kuwa ta samu hutun da ko gwamna bai samu ba. Kullum da safe Elisha zai wanke ta, ya tayar da ita ta yi ɗumi, ya kashe, ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta. Wata kazar maƙwabta ta yi ƙwai a bayan tayar, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka girma a wurin ba wanda ya tashe su.

'Yan kabu-kabu ne suka fara kiransa Injiniya Kore. Da sunan ya kai kunnensa sai ya ji daɗi, ya sa aka ɗinka masa hula koriya. Ɗaya sunan da suke kiransa da shi, Danna-ka-huta, ba wanda ya kai masa.

Ranar da ya tara masu unguwanni a ofis, ya tsaya gaban allo da sandar nuni ya ce, "Jama'a, ina so ku fahimci inda duniya ta dosa. Zamanin shebur ya wuce. Yanzu zamanin data ne. A ƙasashen da suka ci gaba ba a ganin shara da ido, a sistem ake ganinta. Ni nan da kuke gani, daga kan kujerar nan ina kallon kowane lungu na Gwandu. Ko ɓawon gyaɗa aka yar a Dodoru, in na so sai na sani." Masu unguwanni suka gyaɗa kai, suka sha lemo, suka koma gida ta gefen jujin da suka baro.

To, a Gwandu akwai wata shiyya da ake kira Bakin Kwalbati, saboda babban kwalbatin da ruwan unguwa uku ke bi ya fice bayan gari. Gidan ƙarshe kafin kwalbatin na Malama Asabe Markus ne, malamar aji huɗu, mutuniyar ƙasar Zuru wadda ta shekara ashirin da biyu a garin. Rabin samarin shiyyar ita ta koya musu haɗa baƙi. Gidan ginin ƙasa ne. Mijinta, marigayi Markus, shi ya kwaɓa ƙasar da ƙafarsa, ya ɗora tubalan da hannunsa, kuma ɗakin baya da ke kallon lambatu shi ne na ƙarshe da ya gina kafin ciwo ya kwantar da shi. A ɗakin take kwana. Lissafin ba ya buƙatar kwamfuta: in bakin kwalbati a buɗe yake, ruwa ya wuce abinsa. In ya toshe, ruwa ba shi da wurin zuwa sai gindin bangon Malama.

Juji kuwa a bakin kwalbatin yake, tun kafin a haifi fotal. Amma bai taɓa kwana cikin damina ba, domin yana da masu shi. Kowace bazara, in zafi ya tsananta, manoman Dalijan kan zo da amalanken shanu, Bawa na gaba, wani dattijo mai guntun gemu. Su tone jujin, su tsince leda da gwangwani su tara gefe, su loda baƙar ƙasar da ta ruɓe, tokar murhu da kashin awaki da sauran tarkace, su kai gona. Mako guda sun buɗe bakin kwalbati tas. Su sun samu taki, shiyya ta samu hanyar ruwa. Bayan kaka Bawa kan aiko wa gidajen kusa da ɗan gero a ƙwarya. Ba wanda ya taɓa kiran wannan abu shiri, ba a taɓa yanka masa ƙyalle ba, shi ya sa ba a san ci gaba ba ne.

Abin haushin shi ne Malama Asabe da hannunta ta jawo. Da aka zo makarantarsu aka yi bayanin fotal, ita ce ta fara yin rajista, don ta saba in ta ce wa yara su yi abu, ta fara yi. Ledar da su Bawa ke tsincewa ta taru ta yi tsauni, ta ce bari tifa ta zo ta ɗauke. Ta ɗauki hoto ta tura. Jujin Bakin Kwalbati ya zama ɗigo na goma sha bakwai. Bayan kwana uku Injiniya ya iso tana makaranta, tukunya ta sauka, tukunya ta koma but. Da ta dawo sai ta tarar da saƙo a waya ana taya ta murna, ta leƙa ta taga ta ga jujin na nan yadda ta bar shi, har da ƙarin wata matacciyar kaza.

Ta ce ba komai, su Bawa na tafe. Suka kuwa zo a kan lokaci, amalanke biyar. Sun yi lodi biyu ke nan, tsautsayi ya biyo da Injiniya ta hanyar, zai je kawar da wani juji a gaba. Ya ga shanu, ya ga shebur, ya ga mutane na tone wurin da shi ya riga ya tsabtace. Gabansa ya faɗi, don in wani ɗan iska ya ɗauki hoton wannan ya watsa, me za a ce a Abuja? Ya taka birki, ya miƙa hannu baya ya ɗauko hular kwano.

"Wa ya ba ku izinin taɓa wannan wuri?"

Bawa ya jingine shebur ya ce, "Ranka shi daɗe, taki na muka ɗiba. Tun ubana na da rai nan muka ɗibar shi."

"Kuna da rajista a fotal?"

"A mi?"

"Kana da imel?"

"Ina da shanu biyu, ranka shi daɗe. Ga su nan."

Injiniya ya girgiza kai irin na mai tausayin jahili. Ya juya ga mutanen da suka fara taruwa, don ba ya son ilimi ya zube a gaban mutum ɗaya. "Ku saurara da kyau. A hukumance babu juji a nan. An kwashe shi ranar sha biyu ga wata, ƙarfe goma da minti arba'in, akwai hoto. Duk wanda ya zo yana ɗibar abin da hukuma ta ce babu shi, to hukuma yake ƙaryatawa. Sannan ku dubi abin kunya, shanu! A ƙarni na ashirin da ɗaya, a yankin da nake jagoranta, shanu ne za su yi aikin tsabta? In na sake ganin amalanke a nan, da shi da shanun sai an kai su inda za su yi bayani."

Bawa mutum ne da bai taɓa kwana a hannun hukuma ba, kuma bai shirya farawa da tsufansa ba. Ya dubi jujin, ya dubi mai hular, ya ce wa mutanensa su juya. Suka koma Dalijan da amalanke uku wayam. Washegari aka kawo wa mai unguwa takarda mai hatimi biyu, aka kuma kafa allon ƙarfe a ƙololuwar jujin, don a nan ne aka fi ganinsa: AN TSABTACE WANNAN WURI. AN HANA ƊIBA, AN HANA ZUBAWA. Jama'a suka yi wa dokar biyayya rabi, aka daina ɗiba.

Malama Asabe ta sake ɗaukar hoto, allon da jujin gaba ɗaya, ta tura. Fotal ta amsa cikin ladabi: an riga an tsabtace wannan wuri, mun gode da kishinki. Ta sake, aka sake gode mata. Ashe ɗigon da ya zama kore ba ya karɓar ƙara sai bayan wata shida, sai fa in jami'in da ya rufe shi ne ya buɗe da kansa. Ta ɗaga kai ta dubi gabas. Iska ta riga ta juya, zafin nan mai gumi ya sauka, kowa ya san abin da ke tafe.

Ranar Alhamis ta nemi izini a makaranta, ta hau bas zuwa Kalgo. Ta tarar ba kowa a ofis sai Injiniya, amma ya sa ta cike takardar neman ganin Injiniya, ta zauna a benci awa ɗaya tana jin sa yana kallon wasan kokawa a waya. Da aka yi mata iso ta gaishe shi, ta faɗi abin da ya kawo ta ba ƙari.

Ya juyo mata da allon. Taswirar Gwandu da Kalgo ta fito shar, ba ja ko ɗaya. Ya kai sandar nuni kan ɗigo na sha bakwai, ya buɗe hoton. Ga ƙasa a share, ga fulawa.

"Malama, wannan ba shiyyarku ba ce?"

"Ita ce, Injiniya. Amma jujin na bayan wanda ya ɗauki hoton."

"Ke da tauraron ɗan adam, wa ya fi gani?"

"Ni dai da hancina nake kwana a wurin."

"Hanci ba data ba ne, Malama. Duba da kyau. Ko'ina kore ne."

Nan ta sauke murya. Ta ce ba rigima ta kawo ta ba. Ta ce ba sai an turo tifa ba ma, a cire allon kawai a bar su Bawa su dawo. Ta ce, "Ɗakin nan maigidana ya gina shi. Ba ni da wani abu nashi da ya wuce shi. In ruwan farko ya sauka kwalbatin na toshe, bangon ba zai kai la'asar ba. Don girman Allah, Injiniya, ka buɗe ɗigon nan."

Injiniya ya jingina da kujera, ya haɗa yatsu. "Malama, ke malama ce, kin san lissafi. Yanzu muna kashi ɗari bisa ɗari. A duk faɗin ƙasar nan ba wanda ya taɓa kai haka. In na buɗe ɗigo ɗaya, mun koma casa'in da bakwai da 'yan kai. Nan da mako biyu manya za su zo daga Abuja su ba ni lambar yabo. Kina so saboda ɗaki ɗaya a zubar da mutuncin ƙananan hukumomi biyu? A riƙa kishin ƙasa mana." Ya raka ta da shawarar ta riƙa duba fotal a kai a kai, don ana sabunta ta.

Ta fito ta wuce tifar da ke sheƙi a ƙofar ofis. Elisha ya tashi zaune daga kan kwalinsa ya gaishe ta, ya kasa haɗa ido da ita. Makullin tifar na aljihun Injiniya in ba lokacin ɗumama inji ba.

Ba ta zauna ba. Ita da maƙwabciyarta Rahmatu mai ƙosai suka ɗauki kwando da fartanya, kullum bayan an tashi makaranta suna yaƙi da jujin ta gefen da ba a ganinsu daga titi. Mazan shiyya kuwa takardar mai hatimi biyu ta ɗaure musu hannu, sai dai su wuce su ce sannunku. Mata biyu da jujin da ya fi katanga tsawo! Kwana tara suka yi, suka buɗe rami wanda akuya za ta iya shiga in ta sunkuya. Rahmatu ce ta ce, "Malama, mu hidda kayanki daga ɗakin ga, wanga aiki ya hi ƙarhinmu." Suka kwashe gado da keken ɗinki da akwatin littattafan Markus, suka jibge a zaure.

Ranar biki ta zo. An kafa rumfuna a Kalgo, an jera kujerun roba, an yi wa tifa kwalliya da ƙyalle kore. Babbar baƙuwa ita ce Madam Rejoice Benjamin, jami'ar ƙungiyar daga Abuja, mace mai fara'a wadda ta yarda da taswira kamar yadda ta yarda da agogonta. Ta miƙa wa Injiniya allon yabo, ta ce bayan jawabi tana so a zaga da ita ta ga ko da biyar daga cikin wuraren, musamman furannin nan, don ta ga duk iri ɗaya ne, tana son sanin sunan irin. Murmushin Injiniya ya tsaya a fuskarsa bai gaba bai baya.

Sai ya kama jawabi, ya ƙi saki. Ya fara daga tarihin shara tun zamanin da. Ya bi ta kan yarintarsa, da yadda malaminsa na firamare ya hango shugabanci a goshinsa. "Wasu na tambaya, Injiniya, mene ne sirrin? Ba na ɓoyewa. Sadaukarwa ce. Akwai ranar da na kawar da juji bakwai ban karya kumallo ba. Na ce ko ni ko ƙazanta a ƙasar nan, kuma ga shi kun ga wanda ya rage." Yana magana yana satar kallon gabas, inda hadari ya haɗu ya yi baƙi ƙirin ta wajen Gwandu. Bai taɓa roƙon ruwa da zuciya ɗaya irin na ranar ba.

Aka kuwa amsa masa. Iska ta taso ta kwashe rumfa ɗaya, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya, manya suka ruga motoci. Madam Rejoice ta leƙo ta gilashi ta ce a bar zagayen sai wani jiƙon, hanya za ta ɓaci. Injiniya ya koma ofis a jiƙe, rungume da allon yabo, yana ta hamdala. Ya ce wa Elisha, "Ka ga ruwan albarka ko? Mai gaskiya ba ya taɓewa."

Ruwan albarkar ya riga ya sauka a Gwandu awa guda kafin nan. Ya gangaro daga unguwa uku, ya iso bakin kwalbati ya tarar a rufe. Ramin su Malama ya cike da leda cikin minti kaɗan. Ruwa ya taru, ya juya, ya kwanta a gindin bangon. Ana kiran sallar la'asar bangon ya tsage daga ƙasa, ya zauna, rufin ya bi shi. Ba wanda ya ji ciwo. Malama Asabe na tsaye a bakin zaure tana kallo, ruwa na dukanta, Rahmatu na jan hannunta ta ƙi motsi. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba tun ranar da aka binne Markus. Ni dai har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Daga baya ruwan ya fi ƙarfin jujin, ya fasa shi, ya watsa shi cikin gonakin bayan gari, har da allon ƙarfen.

Bayan mako guda wasiƙa ta iso Kalgo daga Abuja, cike da yabo. Injiniya ya tara ma'aikatan ofis, wato Elisha, ya karanta da ƙarfi. Sakin layi na farko ya kira shi abin koyi. Na biyu ya kira shi gwarzo. A na uku ne labari ya sha bamban. Tun da yankin Gwandu da Kalgo ya kai kashi ɗari, kuma wata biyu ke nan ba a samu sabuwar ƙara ko ɗaya ba, ƙungiya ta gamsu cewa aiki ya kammala. Ƙarshen wata za a rufe ofis, a kai tifa da mota da kwamfuta wani yankin da har yanzu ke fama da ja. Sai dai in kafin ranar mazauna sun shigar da sabuwar ƙara da ke nuna akwai sauran buƙata.

Mazauna, ba jami'i ba. Mai ƙirƙirar fotal ya toshe wannan ƙofar tun farko, don kada ma'aikaci ya ƙirƙiro wa kansa aiki. Buɗe tsofaffin ɗigo kuwa daidai yake da ya rubuta wa Abuja da hannunsa cewa fulawar ɗaya ce. Jama'a kuma sun daɗe da daina turawa, tun da suka gane abin da ƙara ke jawowa shi ne tukunya. Mutumin da ya yi wata huɗu yana farautar ja yana kashewa, sai ga shi yana yawo lungu lungu yana neman ja ɗaya kamar maganin ciwo. Ya je tashar 'yan kabu-kabu, suka ce wayoyinsu ba caji, dukkansu, rana ɗaya. Ya je wa masu unguwanni, suka tuna masa cewa daga kujerarsa yana ganin ɓawon gyaɗa a Dodoru. Aka zo aka karɓi mota tun kafin wa'adi, don za a yi mata gyara.

Ana saura kwana ɗaya ya tuna da mace ɗaya da ya tabbata tana da rajista, kuma ya ji labarin akwai tarin ƙasar rusasshen ɗaki a gefen gidanta, 'yan taku kaɗan daga tsohon ɗigo, wanda fotal za ta karɓa a matsayin sabo. Ya hau bas zuwa Gwandu, ya ƙarasa Bakin Kwalbati a bayan babur, ba hular kwano, ba sandar nuni.

Ya tarar da ita zaune a kan turmi tana duba littattafan 'yan ajinta. Gefe ga abin da ya rage na ɗakin Markus. Bawa na Dalijan na lodin ƙasar a amalanke, don ƙasar tsohon gini taki ce mai kyau, kuma ita ta aika masa ya zo ya ɗauka, ta ce gara ta san gero ya ci. Shi da mutanensa sun yi alkawarin buga mata sabon tubali in ruwa ya ɗauke.

Injiniya ya durƙusa har ƙasa, abin da gwiwarsa ta manta yadda ake yi. "Mama, barka da hutawa. Ashe abin da ya faru ke nan? Wallahi ban ji ba sai jiya. Ai wannan ba ƙaramin abu ba ne, tarin ƙasa haka a bakin hanya! Mama, taimaka ki ɗauki hotonsa ki tura a fotal, yanzu yanzu. Gobe da sassafe tifa na nan, ni da kaina zan riƙe shebur."

Malama Asabe ta rufe littafin da ke hannunta. Ta cire tabarau, ta dubi tarin ƙasar, ta daɗe tana dubansa. Sannan ta dube shi.

"Wane tari, Injiniya?"

"Ga shi nan gabanki, Mama!"

"Ni da tauraron ɗan adam, wa ya fi gani? Duba da kyau. Ko'ina kore ne."

Ta mayar da tabarau, ta buɗe littafi na gaba.

Ya daɗe a durƙushe, ba wanda ya ce ya tashi. Da ya miƙe ya waiga, mai babur ɗin da ya kawo shi ya yi gaba, titi kuma da nisa, ga caɓi ko'ina. Bawa ya gama lodi. Ya ɗauko wani allon ƙarfe da ya tsinta a gonar bayan gari, ya tokare bayan amalanken da shi don kada ƙasa ta zube, rubutun na kallon waje: AN TSABTACE WANNAN WURI. Ya hau, ya kama igiya, sannan ya dubi takalman Injiniya da suka nutse cikin laka.

"Ranka shi daɗe, in bakin titi za ka, hau mu rage maka hanya. Mu ba mu tambayar imel."